Mamaci Ba Ya Iya Kare Kansa

Duk sanda mai nutso ya mutu a ƙarƙashin ruwa, tun kafin a fito da gawarsa abokan sana'arsa sun gama yanke hukunci: ganganci ya yi, ya zarce zurfin da aka ƙayyade, bai lissafa iskar tukunyarsa ba. Wannan ɗabi'a ta ishe ni. Tun da Yuri Lipski ya mutu a ramin Blue Hole na Dahab, a gaɓar Bahar Maliya ta Masar, a shekarar 2000, ake ta yawo da hoton bidiyon da kyamararsa ta ɗauka, ana nuna shi a matsayin darasin wauta. Alhali duk mai nutso ya sani cewa da zarar an wuce mita 30, iskar naitirojin kan bugar da mutum kamar mashayi, ya ga zurfi ya ɗauka wasa ne. Wanda hankalinsa ya gushe, da wane ma'auni za a auna shawararsa?

Za su ce idan ba a bayyana kuskure ba, wani zai maimaita shi. Gaskiya ne, kuma Sheck Exley ya yi haka tun 1979, ya bi mace-macen masu nutso a kogo ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da ƙa'idoji, ciki har da raba iska uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. To shi Exley ɗin, a 1994 ya mutu a ramin Zacatón na Meziko. Dave Shaw ma gwani ne, ya rasu a 2005 a Bushman's Hole na Afirka ta Kudu, a zurfin mita 270, wajen ɗauko gawar wani mai nutso, Deon Dreyer. Su ma wawaye ne? Mai saurin ɗora laifi kan mamaci kansa yake lallashi, don gobe ya sake ɗaura tukunya yana cewa irin wannan ba za ta same shi ba.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne waɗanda hukuncin ke wankewa. Akwai wanda ya ba da hayar kayan, akwai wanda ya karɓi kuɗi ya kai baƙo bakin ramin Blue Hole, wanda mashigarsa ta ƙarƙashin ruwa ke zurfin kusan mita 55, alhali iyakar mai nutson nishaɗi mita 40 ce. Su a fara tambaya, tunda suna raye kuma suna da bakin amsawa.