Ba Ni Gari, Sannan In Ba Ka Amsa

Aikina rubuta manhaja ne. Daga Litinin zuwa Juma'a ana biyana albashi don in sa kwamfuta ta ɗauke wa mutane wahala, kuma ba na jin kunyar wannan sana'a. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka tsoho mai tsoron waya ne yake ƙorafi. Ƙorafina a kan mutum ɗaya ne: wanda zai zauna cikin masu wasa ƙwaƙwalwa, ya ga sun cije, ya zaro waya ya tambayi ƙirƙirarriyar basira, sannan ya karanto musu amsa yana jiran godiya. A wurina ɓarna ya yi, ko da niyyarsa taimako ce, kuma zan faɗi dalili.

Duk safiyar Asabar mu huɗu ne a falonmu: ni, da maiɗakina, da ƙaninta mai karatun likitanci, da wani abokin aikina. Idan an sha shayi an kwashe kwanon ƙosai, sai in ajiye takarda ɗaya a tsakiyar tebur da fensir biyu. Abin da ke kan takardar wasan gicciyen kalmomi ne na jaridun Birtaniya, wanda nakan sauke daga intanet in buga. Raga ce ta akwatuna farare da baƙaƙe, 15 a kwance 15 a tsaye, ana cike fararen da kalmomin da suke gicciye juna. Irin wanda muke yi shi ne mai wuyar, wanda kowace ishara a cikinsa tarko ce. A gidanmu muna ce masa gicciyen zaurance.

Bari in nuna yadda tarkon yake da misalin Hausa da na ƙaga, tunda a harshen uwa abin ya fi shiga. Kowace ishara tana ɗauke da ma'anar kalmar da ake nema, da kuma wata hanya ta biyu ta isa gare ta, lambar da ke ƙarshe kuma yawan haruffa ce. "Malalacin da ake layya da shi (4)." Amsar RAGO ce, domin a rubuce rago na kan tabarma da rago na turke duk ɗaya ne. "Abubakar a taƙaice da launin jini, ga babban birni (5)." ABU da JA ke nan, ABUJA. "Ibada don idon mutane a cikin Zariya (4)." Zazzagawa su yi haƙuri, ba zagi ba ne: a duba haruffan kalmar Zariya, za a ga RIYA kwance a cikinta. Ishara takan yi kamar tana zancen wani abu, alhali umarni take bayarwa a kan haruffa. Mai wuyar gaske kuma shi ne wanda aka gina a kan jigo, inda amsoshi da yawa suke da dangantakar da ba a faɗa ba, sai mai warwarewa ya gano da kansa.

Irin wannan mai jigo muka samu ranar da abin ya faru, wata bakwai da fara zamanmu. Isharori takwas a cikinsa suna ɗauke da kalmar Ingilishi "flower", wato fure. Mun kusa awa biyu muna lissafo furanni. Ƙanin maiɗakina ya kawo sunayen da ya haddace a darasin tsirrai, babu wanda ya shiga. Akwai wani gurbi mai haruffa huɗu da muka samu N a farkonsa da L a na ukunsa, maiɗakina ta ƙura masa ido tana maimaita kalmar a hankali, tana raba ta gida biyu a bakinta. Na san wannan fuskar tata, ta kusa. A daidai lokacin abokina ya ɗaga kai daga wayarsa ya ce, "Kai jama'a, koguna ne fa. Wai abin da yake gudana ake nufi, ba fure ba. Wannan Nilu ne." Cikin minti goma ragar ta cika. Babu wanda ya yi dariya. Maiɗakina ta ce masa, "Sannu da ƙoƙari, Malam," ta tashi ta tafi kicin.

Abokina bai ga laifinsa ba, ya ce ai ya cece mu daga ɓata lokaci. Ga abin da bai lissafa ba. Wannan dabara, ta karanta kalmar fure a matsayin "mai gudana", tsohuwar dabara ce da duk ƙwararre ya sani, kuma sau ɗaya tak mutum yake gano ta a rayuwarsa. Ranar ita ce ranar maiɗakina. Ta biya kuɗin abin da awa biyu na haƙuri, ana dab da miƙa mata sai wani ya karɓe. Ba za a iya mayar mata ba, domin wanda ya sani ba ya komawa rashin sani.

Kakanninmu sun fahimci wannan tun kafin a ƙera kwamfuta. Duk wanda ya taso ana yi masa kacici-kacici da dare ya san ƙa'idar: idan ka kasa, mai tambaya zai ce, "Ba ni gari." Sai ka ba shi Kano, ko Katsina, in ya raina garin ya ƙi karɓa sai ka ƙaro masa wani, sannan ya faɗi amsa. Ba a hana mutum sallamawa ba, amma an sa wa sallamawar farashi, an sa a yi ta a bainar jama'a, kuma ga mutumin da ya ɗana tarkon ake yin ta. Wayar abokina ba ta nemi gari ba. Ta ba da amsa kyauta, a ɓoye, ga mutum ɗaya, ta sallama a madadin mutum huɗu ba tare da an shawarci uku ba.

Su ma waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun san wahalar ita ce hajarsu. Gicciyen kalmomi na farko ya fito ne a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913, daga hannun Arthur Wynne, kuma tambaya ce da amsa kai tsaye. A Ingila aka mayar da shi tarko. Edward Powys Mathers, wanda ya fara ɗana wa masu karanta jaridar Observer a 1926, ya laƙaba wa kansa Torquemada, sunan shugaban kotun binciken aƙida ta ƙasar Sifen da ta yi ƙaurin suna wajen azabtarwa. Wanda ya gaje shi a 1939, Derrick Macnutt, ya ɗauki sunan Ximenes, wani shugaban kotun. Wanda ya karɓa a 1972, Jonathan Crowther, ya juya sunan Deza, shi ma shugaban kotun ne, ya zama Azed. Barkwanci ne, amma akwai alƙawari a ciki: zan gasa maka aya a hannu. Shi Ximenes kuma, a littafinsa na 1966, ya shimfiɗa ƙa'idar da ta sa gashin ya zama na adalci, wato mai ɗanawa yana da damar ya ruɗe ka, amma kowace kalma a ishararsa dole ta kasance tana aiki, dole kuma hanyar zuwa amsa ta kasance a gabanka. Yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba.

Wanda ke shakkar cewa mutum ne yake magana a bayan ragar, ya ji labarin John Graham, wani limamin coci da aka fi sani da sunan Araucaria, wanda ya yi wa jaridar Guardian wannan aiki tun 1958. Da likitoci suka gano yana da ciwon daji a maƙoshi, sai ya sanar da masoyansa ta hanyar gicciye mai jigo, a mujallar 1 Across a Disamban 2012, Guardian kuma ta sake buga shi a Janairun 2013. Sunan cutar, da inda ta kama, da irin jinyar da ake yi masa, duk amsoshi ne a cikin raga. Mutane sun gano labarin harafi bayan harafi, da fensir a hannu. Ya rasu a Nuwamban 2013 yana da shekara 92. Ya zaɓi a ji labarinsa a hankali, da gumin mai ji. A ce wani ya ɗauki hoton wannan raga ya miƙa wa manhaja ta karanto masa cikin daƙiƙa biyar, me za a kira wannan?

Na san amsoshin da za a ba ni, domin abokina ya ba ni su duka a ofis ranar Litinin.

Na farko, ya ce ai muna duba ƙamus, to mene ne bambanci? Gaskiya ne, akwai ƙamus ɗin Chambers a teburinmu, shi ne ma masu ɗana mafi wuyar wasannin suke dogara da shi. Amma ƙamus ba ya buɗe baki sai ka je masa da kalma a hannunka. Kai ne ka harhaɗa haruffa, ka samu wata kalma da ba ka taɓa ji ba, ka je ka tambaye shi ko akwai ta. Shaida ne. Manhajar da abokina ya tambaya kuwa ita ta yi tunanin, ita ta yanke hukunci.

Na biyu ya fi ƙarfi, kuma ba zan raina shi ba. Ya ce Ingilishi ba harshenmu ba ne, kuma waɗannan wasanni cike suke da abin da sai ɗan Ingila: kalmomin wasan kurket, taƙaitattun muƙaman sojan ruwa, ƙananan kogunan da ko a taswira sai an sa tabarau. Haka ne, akwai isharar da ko shekara za mu yi a kanta ba za mu warware ba. Amma maganin wannan yana nan tun asali. Jaridu sukan buga amsoshi daga baya. Mu bar gurbin a buɗe, mu yarda an kayar da mu, mu duba idan lokaci ya yi, mu koya. Gurbi uku da babu komai a cikinsu a ƙarshen Asabar ba abin kunya ba ne, su ne shaidar cewa sauran da hannunmu muka cike.

Na uku, ya ce na'ura ta riga ta fi mu, ina amfanin taurin kai? Ba zan kare kaina da cewa manhaja tana kuskure ba, ko da yake tana yi, domin kuskuren yau gobe za a gyara shi, sana'armu ke nan. A 2021 wata manhaja mai suna Dr. Fill ta fi kowane ɗan Adam maki a babbar gasar gicciyen kalmomi ta Amurka. Tun 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov a darar Turawa. Duk da haka mutane ba su daina buga darar ba, kuma wanda aka kama yana leƙa waya a tsakiyar wasa korarsa ake yi. Babur ya fi doki sauri, amma ba a taɓa ganin mai babur ya shiga sukuwa an ba shi kyauta ba.

Abin da ya fi damuna, in faɗi gaskiya, a kaina na gan shi. Shekarun baya, idan manhaja ta ƙi aiki, nakan kwana da matsalar a kai, in tashi da asuba da mafita. Yanzu minti biyu na rashin sani sun ishe ni in buɗe wani shafi in tambaya. A wurin aiki ban ga laifin haka ba, domin mai kuɗi sakamako ya saya, bai sayi wahalata ba. Amma na lura jimirin zama da abin da ban gane ba yana zagwanyewa a jikina, kamar tsokar da aka daina motsa ta. Teburin Asabar shi ne kaɗai wurin da ya rage mini inda manya huɗu suke zama cikin duhu tare ba tare da kunya ba. A nan na gano maiɗakina ta fi ni iya hautsina haruffa nesa ba kusa ba, na gano ƙaninta, da nake ɗauka miskili ne, mai ban dariya ne idan ya cije. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai jinkar tana da nauyi ake neman hannu na biyu. Ranar da aka sauƙaƙe ta, kowa zai koma ɗakinsa da wayarsa.

Saboda haka muka kafa doka. Akwai faifai a bakin ƙofar falo, duk wanda ya shigo ya ajiye wayarsa a kai. Ba a sallamawa sai mu huɗu mun yarda. Abokina ya yi fushi na mako biyu, a na uku ya dawo da ledar gurasa ya ajiye wayarsa ba tare da an ce masa komai ba.

Mun kuma fara ɗana wa juna namu da Hausa, a kan takardar lissafi mai layi-layi, inda babu kurket babu sojan ruwa. Har yanzu muna jayayya ko "sh" da "ts" akwati ɗaya za su ci ko biyu. Na farkon da maiɗakina ta ɗana jigonsa garuruwa ne da sunansu ke da wata ma'ana ta daban, irin su Gaya da Rimi da Tofa. Ishara ɗaya ta riƙe ni har bayan la'asar, sai da na ba ta Daura ta ƙi, na ƙara mata Sakkwato, sannan ta faɗa mini. Ga ta nan, mai karatu: "Dabbar dare da 'yan garuwa ke turawa (4)." Ka ajiye wayar, ka kira wani na kusa da kai ku duba tare. In kun kasa, ku ba ni gari.