KUƊIN MAKARANTA JARI NE, BA SADAKA BA

Duk shekara idan an zo kasafin kuɗi, sai a ji waɗansu manya suna cewa wai a yi haƙuri tukuna, sai arzikin ƙasa ya haɓaka sannan a waiwayi makarantu. Wannan magana daidai take da manomin da ya ce ba zai sayi iri ba sai rumbunsa ya cika. Ɗan Arewa da ke zaune a Sabo ta Badun, ko Agege, ko Shagamu, ba ya bukatar wani masani ya warware masa ita, gama amsarta tana gabansa kullum safiya: wane ne ke zaune cikin ofis, wane ne kuma ke gadin ƙofar ofishin?

A watan Janairu na 1955 gwamnatin Jihar Yamma, ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo, ta fara ba da ilmin firamare kyauta. A 1954 yara wajen 457,000 ne ke makaranta a Jihar, amma a 1955 suka kai wajen 811,000, kafin 1960 kuwa sun haura miliyan ɗaya. Ba man fetur ya biya ba. Kuɗin koko ne da haraji, kuma a lokacin ma an yi ta ƙorafi cewa almubazzaranci ne. Yaran nan su ne suka girma suka zama akawuna da injiniyoyi da likitoci da masu bankuna, su da 'ya'yansu ne kuma suka riƙe kasuwancin Ikko.

Haka aka yi a Koriya ta Kudu. Yaƙi ya bar ta kango a 1953, ba ta da rijiyar mai ko ɗaya, amma kafin 1960 kusan kowane yaro yana firamare. Bayan shekara ashirin, da aka kafa masana'antu, sai aka tarar da ma'aikatan da suka iya karatu da lissafi suna jira. Yau motocin Hyundai da wayoyin Samsung har kasuwannin Nijeriya. Dalilin a fili yake: mai jari yana kafa masana'anta ne inda zai sami hannun da ya ƙware, manomin da ya iya karatu ya fi sanin awon taki da magani, ma'aikacin da ke samun albashi mai kauri kuwa shi ke biyan harajin da ake shimfiɗa hanya da shi.

Masu jayayya za su ce ga masu digiri nan birjik suna yawo ba aikin yi. To, wannan shaida ce a kan yadda aka kashe kuɗin. Da aka fara shirin ilmin firamare kyauta na ƙasa duka a 1976, an sa ran yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka zo, aka rasa azuzuwa da horarrun malamai. Da farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1986, albashin malami ya rasa daraja. Yaron da ya shekara shida a aji bai iya karanta wasiƙa ba, ba a ba shi ilmi ba, an ɓata masa lokaci ne kawai. Kuɗin da ke haifar da arziki shi ne wanda ya isa hannun malami, ya sayi littafi, ya rufa jinkar aji.

Abin takaici kuma, kuɗin ma da ke akwai ba a ɗauka. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin firamare da ƙaramar sakandare, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo nata rabon. Shekara da shekaru biliyoyin naira sun yi ta kwana a asusu domin waɗansu gwamnoni sun ƙi kawo nasu, alhali yara fiye da miliyan 10 ba sa makaranta, akasarinsu kuwa 'yan Arewa ne. Taron duniya na 2015 ya shawarci gwamnatoci su ba ilmi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kasafinsu; Gwamnatin Tarayya ta daɗe ba ta kai ko kashi 10 ba.

Wanda ke jin zafin wannan sakaci shi ne saurayin da ya bar ƙauyensu ya gangaro Kurmi ba takarda ba sana'a, ya kama dako ko ga-ruwa ko acaba. Da gwamnatin Ikko ta hana acaba a waɗansu ƙananan hukumomi a 2022, dubbai suka wayi gari ba abin yi.

Saboda haka wajibi ne ga sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin fatake da 'yan goro da mahauta na biranen Kudu su sa 'ya'yansu makaranta, mata da maza, tare da karatun allo. Duk ɗan takarar da ya zo Sabo neman ƙuri'a kuwa, a ajiye shinkafarsa gefe, a tambaye shi nawa jiharsa ta ware wa ilmi bara, kuma ko ta karɓi rabonta daga Tarayya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.