Yaron da ake goge wa allo kafin ya gama rubutu

A makarantun firamare da dama na karkarar Tasawa da Mayahi, a jihar Maraɗi, littafin karatu ba ya isar kowane yaro. Malam kan rubuta darasi a babban allo, yara su kwafa a kaye, sannan ya goge ya ci gaba. Wanda hannunsa ke da nauyi, da rabin darasi yake komawa gida, kuma rabin nan zai haddace. Ranar jarrabawa sai a ce ba ya da ƙoƙari.

Makin dikte kurakurai yake ƙirgawa. Ba ya bambanta yaron da bai san kalma ba da wanda ya sani amma aka wuce shi yana tsakiyar rubuta ta. Haka nauyin hannun zai bi ɗalibi daga aji shida har zauren BEPC da BAC, inda agogo ba ya jiran kowa.

Auna saurin rubutu kuwa ba shi da tsada. Gwajin BHK, wanda ya samo asali daga Holan kuma aka daidaita shi ga yaran Faransa a 2004, minti 5 ne kawai: yaro ya kwafi rubutu a farar takarda, a ƙirga haruffan da ya yi, a duba kyansu. A Ingila akwai DASH tun 2007 na 'yan shekara 9 zuwa 16, daga baya aka fitar da na matasa har shekara 25.

Sai dai ɗauko ma'aunin Turai yadda yake kuskure ne. Yaron da aka auna a Faransa yana kan tebur, yana rubuta harshen da yake ji a gida. Na Mayahi sau da yawa a rumfar kara yake, kaye a kan gwiwa, kuma rumfar ma sai an gama girbin hatsi ake samun karan kafa ta. Wani da allon makarantar Alƙur'ani ya fara, daga dama zuwa hagu. Wani bahago ne da aka tilasta wa hannun dama. Da ma'aunin Faransa, aji guda za a ce ba shi da lafiya, kuma wannan ba ya amfanar kowa.

Ya kamata sufetocin ilimi na Tasawa da Mayahi su fitar da nasu ma'auni: sau biyu a shekara, daga aji uku, rubutu ɗaya da Hausa, ɗaya da Faransanci. Tunda Hausa ta zama harshen ƙasa a watan Maris na 2025, babu hujjar barin ta waje. Yaron da ke gudu a Hausa yana rarrafe a Faransanci, harshe ne damuwarsa. Wanda ke rarrafe a duka biyun, a duba riƙon bironsa, idonsa da inda yake zama.

Sharaɗi shi ne kada sakamakon ya zama maki, balle dalilin bulala. Su kuma 'yan asalin yankin da ke aiko da kuɗi daga Kano, Agadas ko Libiya domin taimaka wa makarantar garinsu, kafin fenti da ƙofar ƙarfe su fara tambayar daraktan yara nawa ne ke rubutu a ƙasa.