Kewar Lambuna da Darasin Bilal



'Yan'uwa, wata uku ke nan da muka tashi daga Zariya muka koma wani gidan bene a Kano. Gida ne mai kyau, alhamdu lillahi, amma har yau in na idar da sallar asuba sai in ji ƙafata tana neman hanyar bayan ɗaki, inda lambuna yake a tsohon gida. Shekara 9 na yi ina renonsa. Akwai lalle da furensa ke cika tsakar gida da ƙamshi, akwai wardi, ga daddoya a gindin katanga. Da bazara, in rijiya ta ja baya, ruwan alwala nake tarawa in zuba musu. Makon jiya na ji labari mai gidan zai shafe wurin da siminti ya fitar da shago.

Da na kai kukana wajen wata ƙawata, sai ta ce: "Haba ke kuwa, a kan fure? Wannan ai son duniya ne." Na daɗe ina juya maganarta, kuma ban yarda da ita ba.

Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa bayan Hijira, wadda ta auku a shekarar 622 Miladiyya, zazzaɓin Madina ya kwantar da Abubakar da Bilal (RA). In jiki ya ɗan saki Bilal, sai ya ɗaga murya yana begen kwarin Makka, yana ambaton ciyawar izkhir da ruwaye da duwatsun wannan yanki. Ku duba fa, garin da aka ɗora masa dutse a ƙirji ne yake kewar ciyawarsa. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW), sai ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye da haka, Ya kuma kawar da zazzaɓinta. Ashe kewa ba raunin imani ba ce, kuma maganinta addu'a ne da buɗe zuciya ga sabon wuri.

Sai dai akwai iyaka, kuma a nan ƙawata tana da 'yar gaskiya. Suratul Kahfi ta ba mu labarin mai lambu biyu, wanda ya shiga lambunsa yana zaton ba zai taɓa ƙarewa ba, ya wayi gari yana juya tafukansa don nadama. Laifinsa girman kai ne da mance Mai bayarwa. Shi kuwa Abu Ɗalha (RA), da ayar ciyar da abin da ake so ta sauka a Suratu Ali Imrana, lambunsa na Bairuha'a, wanda ya fi so a dukiyarsa, shi ya bayar sadaka. Dukansu sun so lambu, amma ɗaya ne ya san aro aka ba shi.

Abin da ya fi sanyaya mini rai shi ne hadisin Anas (RA) da ke nuna cewa duk Musulmin da ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga gare ta, to sadaka ce gare shi. Ina kyautata zaton zumar da ta sha furannina, da maƙwabtan da suka tsinki lalle da daddoya, duk an rubuta. Siminti ba ya shafe wannan.

Don haka ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, in karatu ko aiki ko aure ya raba ka da wurin da kake so, kada ka ji kunyar kewa, kada kuma ta hana ka shuka a inda Allah Ya ajiye ka. Ni dai jiya na samo gwangwanayen madara uku, na huda gindinsu, na dasa daddoya a baranda.

Allah Ya sanya mana son inda Ya zaunar da mu, Ya haɗa mu a lambunan Aljanna. Amin.

Wassalamu alaikum.