Tsohon bugu da masu jabunsa

A watan Maris na 1820 aka buga wani ɗan littafi a Paris, waƙoƙi 24, kwafi 500, babu ko sunan marubuci a bangonsa. Shi ne Méditations poétiques na Lamartin, wanda duk wanda ya zauna bencin lakol ya sha haddar waƙarsa ta tafki. Yau ana samun waƙoƙin nan da araha a kowace rumfar littattafai, amma wancan bugu na fari, attajirai ke ribibinsa wajen gwanjo. Kalmomin ɗaya ne. Abin da ake saye shi ne takardar da ta fita gidan ɗab'i tun kafin duniya ta san mai waƙar.

Inda kuwa kuɗi suka taru, ɓarawo ba ya nisa. Wanda ya fi shahara a wannan fage ɗan kasuwa ne na Landan, Thomas Wise, mai fataucin man turare. A 1886 ya jagoranci sake buga Adonais na Sheli daidai da kamannin bugun Pisa na 1821, aiki na halal, kowa ya sani. Daga nan ya gane hanya. Sai ya riƙa sa a buga ƙananan littattafai da tsohuwar shekara a goshinsu, yana cewa bugun fari ne da ya ɓace. Wa zai yi masa gardama? Shi ne gwanin da ake kai wa littafi ya tantance, har ya shugabanci ƙungiyar masana littattafai ta Ingila. Kura ce aka ba ajiyar nama.

Asirinsa ya tonu a 1934, a hannun wasu matasan dillalan littattafai biyu, John Carter da Graham Pollard. Ba su saurari shaidar baki ba, takardar suka bincika. Wani littafin waƙoƙin Elizabeth Barrett Browning mai ɗauke da shekarar 1847, sai ga takardarsa an yi ta da ɓargon itace da aka narka da sinadari, dabarar da ba a fara aiki da ita a Ingila ba sai bayan 1874. Har siffar baƙaƙen ta nuna gidan ɗab'in da ya yi aikin.

Wise ya rasu a 1937 bai amsa laifi ba. Gidan tarihin Birtaniya ya sayi ɗakin littattafansa kan fam 66,000. A 1956 aka gano cewa wasu shafukan da ya cike giɓin littattafansa da su, daga littattafan gidan tarihin kansa ya yage su.