Ina Sunayen 'Ya'yanmu? Tsokaci Bayan Ziyarar Aushwis

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. To amma ba kowane matafiyi ne ke dawowa da mabuɗin ba, wani da tsarabar turare da hotuna kawai yake komowa gida. Wannan zargi da kanmu za mu fara shi, mu malaman jami'a da ake gayyata tarurrukan ƙara wa juna sani a ƙasashen Turai, domin kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani taro ne irin wannan ya kai mu birnin Waso na ƙasar Folan, inda jami'ar garin ta daɗe tana koyar da harshen Hausa. Da aka tashi taro ranar Juma'a, sai masu masaukinmu suka ba da shawarar mu yi hutun ƙarshen mako a Kirako, tsohon mazaunin sarakunan ƙasar, daga can kuma mu leƙa Aushwis, sansanin da 'yan Nazi na Hitila suka mayar mahallaka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kwana biyu kacal muka yi a wannan yawo. Amma abin da muka gano a can shi ya hana alƙalaminmu sakat tun da muka sauka a Potiskum.

Tsakanin Kirako da Aushwis tafiyar kimanin kilomita 70 ce. Daga 1940 zuwa 1945 an hallaka mutane wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari a wannan wuri, kusan miliyan ɗaya daga cikinsu Yahudawa ne, sauran kuwa mutanen Folan ne da 'yan ƙabilar Roma da fursunonin yaƙi na Tarayyar Sobiyet. Wannan kowane ɗalibi zai iya karantawa a littafi. Abin da gani ya kori ji a kansa shi ne yadda aka tsare shaida. Akwai ɗakin da aka tara takalman mamata a bayan gilashi, har da na yaran da ba su isa yaye da daɗewa ba. Akwai ɗakin akwatunan tafiya, kowanne da sunan mai shi da ya rubuta da hannunsa, yana zaton zai karɓi kayansa in an isa. Akwai ɗakin da aka ajiye gashin kan mata kusan tan 2, inda aka hana ɗaukar hoto don girmama masu shi. A wani gini kuma aka girke wani ƙaton littafi wanda tsawonsa ya kusa cika ɗaki, ba kome a cikinsa sai sunaye sama da miliyan 4, da shekarar haihuwa da garin kowane mamaci in an sani. Mun ga wata tsohuwa tana bin layukan da ɗan yatsa har ta tsaya a kan wani suna, ta daɗe ba ta ɗaga ba.

Daga nan aka wuce da mu Birkinau, mai nisan kilomita 3, inda layin dogo ya ratsa ƙofa ya ƙare a kusa da kangon ɗakunan iskar guba da gidajen ƙona gawa. Ɗan jagora ya shaida mana cewa masu kisan da kansu suka tarwatsa waɗannan gine-gine kafin sojojin Sobiyet su iso ranar 27 ga Janairun 1945, suka kuma ƙone takardu masu yawa. Wato dai mai kisa buri biyu gare shi: ya kashe, sa'an nan a manta ya kashe. Wasu daga cikin fursunonin da aka tilasta wa aikin kwasar gawa sun gane haka, sai suka riƙa rubuta abin da idonsu ya gani suna cusawa a kwalabe da gwangwanaye suna binnewa a ƙasa. Yawancinsu ba su tsira ba, amma an tono rubutunsu bayan yaƙi, ana kuma karanta shi har yau. A 1947, shekara biyu kawai bayan ƙare yaƙi, lokacin da Folan ba ta gama kwashe ɓaraguzan biranenta ba, majalisar ƙasar ta yi doka ta mayar da sansanin gidan tarihi.

Washegari muka zaga Kirako, muka hau tudun Wawel inda fadar sarakuna take, muka shiga harabar tsohuwar jami'ar garin wadda aka kafa tun 1364. A nan aka ba mu labarin da ya fi sosa mana rai. Ranar 6 ga Nuwamban 1939 'yan Nazi suka kira malaman jami'ar wai za a yi musu lacca, da suka hallara aka rufe ƙofa aka kama mutum kimanin 180 aka tura su sansani, wasu a can suka cika. Jami'ar tana da sunan kowane ɗaya daga cikinsu, kowace shekara kuma in ranar ta zagayo sai an taru an tuna da su. Muna tsaye a wurin sai zuciya ta ce: Nuwamba? Ashe mu ma ba mu da tamu Nuwambar?

Ranar Litinin, 10 ga Nuwamban 2014, ɗalibai na tsaye a layin safe a makarantar sakandaren kimiyya da fasaha ta gwamnati da ke nan Potiskum, wani ya shigo cikinsu sanye da kayan makaranta ya tayar da bam. Yara sama da 40 suka riga mu gidan gaskiya. Mako ɗaya kafin nan an kai irin wannan hari kan masu jerin gwanon Ashura a cikin garin. Ranar 6 ga Yulin 2013 an auka wa makarantar sakandare ta Mamudo, a bayan gari kaɗan, da asuba, aka kashe mutum 42, akasarinsu ɗalibai. A Satumban wannan shekara aka bi ɗaliban kwalejin aikin gona ta Gujba har ɗakin kwanansu. A Fabrairun 2014 aka yi ta Buni Yadi. Tun kafin waɗannan, ranar Laraba 2 ga Mayun 2012, an buɗe wuta a kasuwar shanu ta Potiskum, kasuwar da ake ji da ita a duk Afirka ta Yamma, aka kashe mutane, aka ƙone dabbobi. Ga kuma 'yan'uwanmu Kiristoci da aka kashe a majami'unsu, da limaman da aka harbe don sun ƙi yin shiru.

Kada mai karatu ya yi mana gurguwar fahimta. Ba mu ce abin da ya faru a Yobe daidai yake da na Aushwis ba. Can gwamnati ce sukutum ta kafa masana'antar shafe wata al'umma daga doron ƙasa, kuma duk wanda ya raina girman wannan ta'asa ya zalunci tarihi. Abin da muke gwadawa shi ne halin waɗanda aka bari a raye. Su sun ƙirga nasu sun rubuta. Mu fa?

Da muka dawo aji, sai muka jarraba ɗalibanmu, waɗanda da yawansu 'yan wannan jiha ne. Muka ce wa zai kawo mana sunayen yara biyar daga cikin waɗanda suka rasu a layin safe na 2014? Aji ya yi tsit. Can wani daga baya ya ɗaga hannu ya faɗi suna ɗaya, ya ce yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kunya ta rufe mu, domin mu masu tambayar ma ba mu da biyar ɗin. Kai, ko adadi bai zauna ba. A Buni Yadi wasu sun ce 29, wasu sun ce 59. A kasuwar shanu wasu sun ce 34, mutanen gari suka ce abin ya kusa ninka haka. Tsakanin 29 da 59 akwai yara 30, kowanne da uwar da ta yi naƙudarsa da uban da ya yanka masa ragon suna. Al'ummar da ba ta iya tantance ko 'ya'yanta 30 sun mutu ko ba su mutu ba, da wane baki za ta ce ta yi makoki?

Mun san amsoshin da ake bayarwa, kuma za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko su ne masu cewa ƙaddara ce, Musulmi kuwa da haƙuri aka san shi. Babu musu, mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Amma yaushe haƙuri ya zama mantuwa? Malaman tarihin Musulunci na farko sun jera sunayen waɗanda suka halarci Badar da shahidai 70 na Uhudu, kowa da ƙabilarsa, kuma Manzon Allah (SAW) da kansa ya riƙa ziyartar shahidan Uhudu yana yi musu addu'a. A nan ƙasarmu, almajiran Shehu Usmanu ba su bar shahidan Tsuntsuwa na 1804 sun bi iska ba, sun rubuta cewa an rasa mutum kimanin 2,000, daga ciki har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Nana Asma'u ta yi wa mamatan zamaninta marsiyya, har da matan da ba 'ya'yan kowa ba. A Barno, Imam Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma tun ƙarni na 16. Shin mun fi waɗannan bayin Allah tawakkali ne? Lalaci ne kawai muka naɗa wa rawani muka kira shi haƙuri.

Na biyu su ne masu cewa wannan al'adar Turawa ce, bidi'a ce. Ba wanda ya nemi a sassaƙa gunki ko a gina ƙubba a kan kabari. Takarda da tawada muke magana, da ɗaki guda a makaranta inda za a ajiye rajistar aji da littattafan rubutun yaran da suka tafi. Ƙasar Ruwanda ba Turai ba ce, amma a 2004, shekara goma bayan kisan ƙare dangi, ta buɗe wurin tunawa a Kigali inda aka binne mutum sama da 250,000, ana kai 'yan makaranta su gani da idonsu.

Na uku su ne masu cewa tone-tone na tayar da fitina, a bar kaza cikin gashinta. Waɗannan su suka fi ba mu tsoro, domin sau da yawa akwai abin da suke karewa. Ai ba 'yan Boko Haram kaɗai suka zubar da jini a wannan yanki ba. Rahoton da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Amnesty ta fitar a 2015 ya ce mutane fiye da 7,000 sun mutu a tsare a hannun jami'an tsaro tun daga 2011, ya ambaci barikin Giwa na Maiduguri da wasu wuraren tsare mutane a Damaturu. Hukumomin soja sun musanta. To madalla, in an musanta sai a buɗe rajista a nuna wa iyaye inda 'ya'yansu suka shiga. Akwai matan da har yau ba su san ko takaba za su yi ko jira ba. Miki in aka rufe shi da ruɓa a ciki, ba warkewa yake yi ba, ƙashi yake ci.

Wannan cuta ta mantuwa ba yau ta kama mu ba. Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa, ya yi sama da shekara 300 yana babban birnin daular Barno kafin faɗuwarsa a 1808, kangonsa yana nan cikin jiharmu wajen Gaidam. Mu da muka biya kuɗin jirgi muka je kallon fadar Wawel, mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa kai ɗalibansa Gazargamu? Burmi, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru da ɗaruruwan mabiyansa a Yulin 1903, ba ta da wani nisa da hanyarmu ta zuwa Gombe, muna wucewa a guje kamar babu abin da ya taɓa faruwa. Satiru da aka shafe a 1906 sai a littattafan Turawan da suka shafe ta. Daɗin daɗawa, a 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantun ƙasar nan, aka kwashe kusan shekara goma kafin a farga. Yaran da suka tashi a wannan tsakani su ne ke zaune a gabanmu yau.

Saboda haka ba za mu jira gwamnati ba, ko da yake nauyin a wuyanta yake. Gwamnati ta iya gyara azuzuwan da aka ƙone ta shafa sabon fenti, amma ba ta saba rubuta abin da zai tuna mata da gazawarta ba. Aikin namu ne, mu da muke cin abinci da sunan adabi. Kowace shekara ɗalibanmu na ajin ƙarshe suna rubuta kundin neman digiri, sau da yawa a kan batutuwan da aka tauna har suka salance. Me zai hana a tura su unguwannin Potiskum da Mamudo da Gujba da Buni Yadi, su zauna da iyaye cikin ladabi, da izininsu, su naɗi muryoyinsu, su rubuta sunan kowane mamaci da shekarunsa da abin da yake burin zama? A haɗa Musulmi da Kirista, Bolewa da Ngizim da Karekare da Fulani da Barebari da Hausawa, wanda bam ya kashe da wanda aka tafi da shi da dare bai dawo ba. Marubuta waƙoƙinmu da ke cika wannan mujalla da begen masoya, su ma su tuna marsiyya reshe ce ta adabinmu tun kaka da kakanni. Ranar 10 ga Nuwamba kuma, ko da na rabin sa'a ne, a tsayar da lacca a karanta sunayen a yi addu'a.

Lokaci ba ya jiranmu. Iyayen yaran nan suna tsufa, wasu sun riga sun bi 'ya'yansu, kuma duk tsohuwar da aka kai makwanci da labarin ɗanta a ciki, an binne shaida ke nan. Mutanen Birkinau sun rubuta nasu a bakin wuta, da mutuwa tsaye a kansu. Mu muna da ofis da albashi da kwamfuta, wane hanzari za mu kawo?

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba iyayensu haƙuri, mu kuma Ya ba mu ikon sauke wannan bashi tun muna da sauran numfashi. Amin.