Na'urar Goge Nankarwa: Ki Bari Sai Kin Sauka

'Yar'uwa mai juna biyu, idan ciki ya kai wata shida zuwa bakwai, nankarwa takan fito a mara da cinya da nono. Fiye da rabin masu ciki suna samunta. Wasu kuma kumatu da goshi su yi musu baƙi. Yanzu akwai wuraren gyaran jiki da ke tallar na'urar leza ta hannu, wai tana goge nankarwa, kuma ba ta ƙona fata domin tana da ido. Shawarata ita ce kada ki yarda a ɗora miki ita da ciki a jikinki.

Maganar idon gaskiya ce. A shekarar 2004 likitoci a birnin Boston na Amurka suka bayyana hanyar da leza ke taɓa fata da ƙananan ɗigo na zafi, ta bar lafiyayyar fata a tsakaninsu domin wurin ya warke da wuri. Na'urar Fraxel da wannan hanyar take aiki. To amma hannun mutum ba ya tafiya daidai. In ya yi sauri, aikin ya yi kaɗan. In ya tsaya, zafi ya taru wuri ɗaya ya ƙona. Shi ya sa aka sanya ɗan ƙaramin ido a bakin na'urar, irin na ƙasan linzamin kwamfuta, yana auna saurin hannu a kan fata. Hannu ya yi sauri, na'ura ta ƙara sauri. Hannu ya tsaya, ita ma ta tsaya.

Sai dai idon nan hannu kawai yake bi. Bai san kina da ciki ba. Mai riƙe da na'urar ne ke zaɓen ƙarfin zafin, kuma baƙar fata irin tamu takan bar baƙin tabo na watanni idan zafi ya yi yawa. Ciki kuma yana ƙara wa fata saurin yin baƙi. Wadda tabonta ke kumbura ya yi tudu, tata matsalar ta fi. Ba a yi wadataccen gwajin wannan aiki a kan masu ciki ba. Ga shi cikin bai gama girma ba, wata nankarwar na tafe. Kuma ba kowace na'ura ce ke da idon ba.

Bayan haihuwa, nankarwa takan dusashe da kanta cikin wata 6 zuwa 12, baƙin fuska ma sau da yawa yana raguwa. Idan kin yaye har yanzu tana damunki, ki ga likitan fata. Ki tambaya ko mai aikin ya saba da baƙar fata, kuma a fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri. Ki sani leza rage nankarwa take yi, ba ta shafe ta gaba ɗaya.

Maigida, kai ma kada ka yi mata gori, kuɗin nan ka ajiye su don awo da haihuwa.

Abin da ba ya jira shi ne ƙaiƙayi mai tsanani, musamman a tafin hannu da tafin ƙafa. Wannan yana iya zama daga hanta, kuma yana shafar jariri. Ki zo asibiti ranar, kada ki jira ranar awo.

Allah ya sauke ki lafiya.